Farfelar Jirgin Mijinyawa

Mijinyawa bakanike ne a Ƙofar Ran cikin garin Bauchi, mai gyaran janareta da injin ban ruwa. Da ƙuruciyarsa ya yi shekara bakwai yana aiki da wani ƙaramin jirgin feshi da ake kawowa duk damina don kashe tsuntsayen jan-baki a gonakin gero da dawa. Aikinsa canza mai ne da wanke fulogi, amma matuƙin jirgin yakan ɗauke shi wani lokaci, har yakan sakar masa sandar tuƙi idan sun yi sama sosai. Da aikin feshin ya tsaya, sai ya dawo gida ya buɗe gareji. Ya auri Saudatu, suka haifi 'ya'ya mata huɗu, furfura ta fito masa, amma zancen jirgi bai taɓa fita daga ransa ba.

Yana da shekara hamsin da biyu ya fara ƙera nasa. Yayansa Ya'u ne ya ba shi filin bayan gidansu na gado, inda a da ake ɗaure tumaki, ya ce masa, "Yi abinka a nan. Ni dai ina so in gan ka a sama kafin in mutu." Shekara huɗu ya yi yana aikin. Gangar jikin ta bututun ƙarfe ce da ya yi wa walda da hannunsa, fukafukan na katako ne da aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti. Mazauni ɗaya ne tal. Injin kuwa na tsohuwar Bitil ne, motar nan mai kama da kunkuru, ya kwance shi ƙusa-ƙusa ya sake haɗawa.

A duk shekarun nan mutum ɗaya ne ba ya fashin zuwa ranar Asabar, wato Mansir. Tare suka yi firamare. Mijinyawa ya tsaya a nan, Mansir ya wuce har ya zama Dakta, yana koyar da injiniyanci a jami'a, yana zaune a Yelwa. Shi ya samo zanen jirgin ya buga a takarda, shi yake fassara Turancin da ke ciki. Abin da hannu zai yi na Mijinyawa ne, abin da ke buƙatar lissafi na Mansir ne. Haka suka raba aikin tun farko, kuma babu wanda ya taɓa tuhumar ɗan'uwansa.

Wata Asabar da hantsi suka zauna a kan benci a gaban jirgin. Komai ya kammala, hancinsa kaɗai ne a buɗe.

"To Dakta, saura farfela," in ji Mijinyawa. "Uku ne a gabana, kuma na kasa zaɓa."

Ya fito da waya ya nuna masa hoton ta farko. Ta ƙarfe ce, tsohuwa, wani mai sayar da kayan gwangwan a Kano ya turo. Da ya ƙara girman hoton sai aka ga bakinta ɗaya ya taɓa lanƙwashewa an miƙe shi da guduma. Shi da kansa ya ce wannan ba ta cikin lissafi, ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya ba a ba shi amanar rai. Ta biyu daga ƙasar waje ake odarta, ta wata irin roba ce mai ƙarfi, kuma ana iya kwance ƙusoshinta a ƙara mata murɗi ko a rage. Ta uku kuwa katako ne, a sa kafinta ya sassaƙa.

Mansir ya ɗauki wani guntun falanki ya karkata shi a iska. "Abu biyu ne a farfela, Miji. Tsawonta, da murɗinta, wato yadda aka karkata ɓangarorin nan biyu su ciji iska. Murɗi kamar giya ne a mota. Idan ya yi kaɗan, inji zai yi ta ihu ba gudu. Idan ya yi yawa, kamar ka tashi mota da giya huɗu ne, inji zai shaƙe."

"Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da ta wajen nan. Idan ba ta yi ba, in gyara."

"Za ta yi wata huɗu ko biyar a hanya. Mu fara da katako. Injinka na san ƙarfinsa, nauyin jirgin mun auna. Gobe zan zauna in fitar da lissafin, jibi in kai wa Clement kafinta da kaina."

Mijinyawa ya yarda. Dama washegari zai tafi Misau gyaran injinan ban ruwa na sati uku. Suna cikin maganar Saudatu ta kawo musu kunun gyaɗa, ta gaishe da Mansir, ta tsaya ta dubi jirgin.

"Wato da an ɗaura wannan abin shi ke nan, sai tashi?" ta tambaya.

"Sai tashi, in Allah ya yarda," in ji mijinta yana dariya.

Ta ce, "Allah ya sa a dace," ta kwashe kofunan da suka sha shayi da safe ta koma ciki.

Clement kafinta ne a bayan Kasuwar Muda Lawal, mutumin Kudu da ya shekara talatin a Bauchi. Kujeru da ƙofofi yake yi, bai taɓa sassaƙa farfela ba, amma mutum ne da idan ka ba shi awo ba ya ƙara ko tsinin allura. Ya manne falankin maɗaci biyar da gam, ya matse su sati guda, sannan ya bi su da kurfi da sanfefa. Da Mijinyawa ya dawo daga Misau ya same ta a rataye a shagon, ja-ja-wur tana ƙyalli. An ɗora ta a kan sanda ta tsaya daram, babu ɓangaren da ya rinjayi wani.

Da ya ɗaura ta a hancin jirgin sai ya ga bakinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Dakta, ba ta yi tsawo ba kuwa?"

"Doguwa ta fi kwasar iska," in ji Mansir. "Haka lissafin ya bayar."

Ranar gwaji aka kwance fukafukan, aka loda komai a akori-kura, aka tafi wani fili mai faɗi a bayan gari ta hanyar Dass. Mijinyawa bai gayyaci kowa ba, amma labari ya riga shi isa. Mutum ya kai ɗari biyu, wasu a keke, wasu a babur. Ya'u ya zo da farar babbar riga, aka ajiye masa kujera a inuwar ɗorawa. Niyyar Mijinyawa ba ta wuce ya ɗaga kamar tsayin ɗaki ya sauka a ƙarshen filin ba.

Inji ya tashi da bugu ɗaya. Ya tura mai har ƙarshe, ya dubi agogon da ke nuna juyin inji. Kamata ya yi allurar ta kusa dubu uku a minti. Sai ta hau dubu biyu da ɗari uku ta tsaya, inji yana gurnani kamar an danne masa wuya. Jirgi ya gangara, ya ɗan yi gudu, wutsiya ta ɗaga, amma tayoyin gaba suka ƙi barin ƙasa har filin ya ƙare. Ya juyo ya sake. Sau biyar yana yi. A na biyar ɗin, da ya kashe inji, sai wani daga cikin taron ya ce da ƙarfi, "Ashe jirgin ƙasa aka ƙera mana!"

Dariya ta ɓarke. Sunan kuma ya zauna. Kafin wata guda masu keke sun mayar da shi kwatance, fasinja ya ce a sauke shi gidan mai jirgin ƙasa, a kai shi ba tambaya.

A hanyar dawowa daga filin Mijinyawa ya ce wa Mansir, "Anya ba farfelar nan ba ce? Yadda injin nan ya shaƙe, sak maganar giya huɗun da ka yi."

"Na bi lissafin nan sau uku, Miji. Injin ne bai kai ƙarfin da muka ɗauka ba. Tsohon inji ne, ka sani."

A rayuwarsa abu ɗaya Mijinyawa yake alfahari da shi, inji, kuma ga shi an ce nan ne matsalar. Ya sauke shi ya canza zobban fistan. Aka gwada, dubu biyu da ɗari uku. Ya canza kafireta, ya goge hanyoyin iska har suna sheƙi. Dubu biyu da ɗari uku da hamsin. Ya samo wani injin daban daga Jos ya haɗa mafi kyawun kayan biyun wuri guda. Allurar ba ta gusa ba. A shekara ta biyu ya ce zai yi odar farfelar waje mai gyaruwa, ko don ya cire shakka. Mansir ya shafe yini guda yana nuna masa takardu da zane-zane, ya ce irin wannan ba ta dace da injin mota ba, ƙusoshinta kan kwance a sama, ya ji labarin wanda ta hallaka. Mijinyawa ya haƙura.

A cikin wannan shekarar Ya'u ya kwanta ciwo. Ranar da Mijinyawa ya je duba shi a asibiti, ya riƙe masa hannu ya ce, "Kada ka damu da maganar mutane. Ka yi iya yinka. Ba kowane abu ne Allah yake nufin mutum da shi ba." Bayan kwana shida ya rasu. Wannan rarrashin ya fi dariyar mutane ɗari biyu yi wa Mijinyawa ciwo, domin ya gane yayansa ya tafi yana ganin ƙanensa ya gaza.

Duk da haka bai daina ba. Duk bayan wata biyu ko uku yakan kai jirgin fili, yanzu ba mai binsa sai Ɗanlarai direban akori-kurar. Duk ranar da zai fita Saudatu takan haɗa masa abinci a kula, ta raka shi zaure, ta ce, "Allah ya sa wannan karon a dace, Baban Habibatu." Idan ya dawo da fuska a murtuke takan sa masa ruwan wanka, ta ce ya yi haƙuri.

A shekara ta uku, a wani gwajin, bakin farfelar ya tsinci dutse ya tsage. Washegari ya saɓa ta a kafaɗa ya hau keke zuwa shagon Clement, ya ce a yi masa wata irinta.

Clement ya buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe inda yake ajiye awon duk aikin da ya taɓa yi. Ya yi ta bincike har ya zaro takardu biyu da aka haɗa da ƙusa.

"Oga Miji, wanne zan bi? Na farko ko na biyu?"

"Wane na farko?"

"Ai Dakta takarda biyu ya kawo. Wannan ranar Litinin. Har na yanka katako. Ranar Alhamis ya dawo ya ce in bar wancan, in bi wannan. Na ce masa katako zai lalace, ya ce babu komai."

Mijinyawa ya karɓi takardun. Duka rubutun Mansir ne, da kwanan wata a saman kowace. Ta Litinin cike take da lissafi gaba da baya, a ƙasa an ja layi biyu an rubuta tsawo inci hamsin da huɗu, murɗi talatin da biyu. Ta Alhamis babu lissafi ko ɗaya. Lambobi biyu ne kawai da zanen da kafinta zai bi: tsawo sittin da biyu, murɗi arba'in da shida.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Clement ya jawo masa kujera, bai zauna ba.

"Lafiya, Oga?"

"Yi min ta Litinin," in ji shi. "Kuma kada ka faɗa wa kowa. Ko Dakta."

Sati uku ya jira. A Asabar ukun nan Mansir ya zo kamar kullum, suka sha shayi, suka yi hirar siyasa da tsadar mai. Mijinyawa yana kallon bakinsa yana magana, yana ce wa kansa wataƙila kuskure ne, wataƙila akwai wani dalili na masu ilimi da shi bai sani ba. Bai so ya zargi mutum sai ya gani da idonsa.

Da sabuwar ta iso, gajeriya, ba ta da kwarjinin ta farko, sai ya ɗaura ta wata ranar Talata da azahar. Ya ɗaure wutsiyar jirgin da igiya a jikin bishiyar dalbejiyar bayan gida, ya tayar da inji, ya tura mai. Allurar ta wuce dubu biyu da ɗari uku kamar ba ta taɓa sanin wurin ba, ta hau har dubu biyu da ɗari tara da hamsin. Ƙarar injin ta canza, ta zama wadda ya sani tun zamanin jirgin feshi. Igiya ta miƙe tana rawa, ganyen dalbejiya ya yi ta zuba, kwanon rufin maƙwabta yana kaɗawa. Ya kashe inji. Bai yi murna ba. Shekara uku injinsa lafiyarsa ƙalau.

Bayan la'asar ya hau keke zuwa Yelwa. Ya sami Mansir a barandar gidansa yana duba takardun ɗalibai.

"A'a, Miji! Yau Talata? Shigo, shigo."

Bai zauna ba. Ya ajiye takardun biyu a kan teburin, ɗaya kusa da ɗaya. Mansir ya dube su, ya cire tabarau, ya ajiye biro.

"Clement ne ya ba ka."

"Na ɗaura ta Litinin ɗazu. Dubu biyu da ɗari tara da hamsin. Ina so ka ce min kuskure ka yi, Mansir. Ka ce min kuskure ne, in koma gida."

Tun suna yara bai taɓa kiran sa da sunansa a irin wannan murya ba. Mansir ya sunkuyar da kai.

"Ba kuskure ba ne."

"To mene ne?"

"An roƙe ni. Kuma ni ma ina da tsoro. Waldar da ke riƙe da fukafukan nan babu wanda ya gwada ta da na'ura. Ba ka da lasisi, rabonka da riƙe sandar tuƙi shekara talatin. Na ce maka mu nemi masu duba jirage su zo su gani, ka ce za su hana ka. Na zauna na yi tunani, idan ka faɗo, lissafina ne ya ɗaga ka. Da wane ido zan kalli 'ya'yanka?"

"Sai ka faɗa min. Ka ce Miji, ba zan yi maka lissafin nan ba, ina tsoron ka mutu. Mu yi faɗa, in yi fushi, in nemi wani."

"Shi ya sa ban faɗa ba. Da ka nemi wani."

"Sau nawa na sauke injin nan a gabanka? Kana zaune a benci kana miƙo min sufana. Na tambaye ka ko farfela ce, ka ce ka bi lissafi sau uku. Na ce zan sayi mai gyaruwa, ka yini kana karanta min Turanci. Wanda ka ce ta hallaka, akwai shi?"

Mansir ya girgiza kai.

"Ka san abin da ka yi min? Ba jirgi ka hana tashi ba. Ka sa na yarda cewa abu ɗayan da na iya a duniya ban iya shi ba. Ka yi amfani da karatun da ka san ba ni da shi. Yaya Ya'u ya mutu yana ba ni haƙuri, kai kuma kana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa."

"Na so in faɗa maka a lokacin. Wallahi na so. Kullum sai in ce Asabar mai zuwa."

"Wa ya roƙe ka?"

Mijinyawa bai ma jira amsar Mansir ba. Ya riga ya gane. Tsakanin Litinin da Alhamis ɗin nan Mijinyawa yana Misau, kuma mutum ɗaya ne ya ji an ce da an ɗaura farfela sai tashi. Ya kwashe takardunsa ya juya. Mansir ya biyo shi har bakin titi yana kiran sunansa, ɗalibai masu wucewa suna kallonsu. Bai waiwaya ba.

Ya isa gida rana ta yi sanyi. Saudatu tana tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Yaran ba sa nan, biyu suna gidajen mazajensu, biyu sun tafi islamiyya. Ta ɗago ta ga fuskarsa, ta ajiye faifan.

"Na ji ƙarar jirgin nan ɗazu," ta ce. "Ba irin ta kullum ba ce."

"Daga Yelwa nake."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dube shi ido cikin ido. "Ni ce. Ranar Laraba na je, kana Misau. Na durƙusa masa a gaban matarsa. Na ce ya yi duk abin da zai yi kada abin nan ya bar ƙasa. Da farko ya ƙi. Na ce idan ka mutu, a ƙofar gidansa zan ajiye yaran nan."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa maka, Baban Habibatu. Tun kana walda na faɗa. Ka ce mata ba su san inji ba. Na sake faɗa, ka yi dariya. Na tura a gaya wa Yaya Ya'u, ya ce in bar ka da abin da kake so. Wa ya rage min?"

"Shekara uku ana kira na mai jirgin ƙasa."

"Na sani. Ni ma ana kira na matar mai jirgin ƙasa a gidan biki. Na gwammace haka da a kira ni matar marigayi."

Ya zauna a kan turmi. Ya yi tsammanin za ta yi kuka ko ta musa, da ya san abin da zai yi. Amma ga ta a zaune, ba ta da niyyar janye komai.

"Duk wannan na ji," ya ce a hankali. "Abin da na kasa haɗiyewa shi ne zauren can. Ki riƙo min kula, ki raka ni, ki ce Allah ya sa a dace. Sau goma sha nawa? Kina kallona ina fita da sa rai, kin san abin da zan tarar."

A nan ne idonta ya kawo ruwa. "Dacewar da nake nufi ka dawo da ƙafarka."

"Ni kuwa ba haka nake ji ba, kuma kin san ba haka nake ji ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ambaci saki ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Da aka kira magariba ya yi alwala ya tafi masallaci.

Maganar waldar da Mansir ya yi ta tsaya masa a rai, ko da yake bai so ba. Ya kife fukafukan a kan jakunan katako irin na kafintoci, ya jera musu buhunan yashi har nauyin ya ninka na jirgin sau uku, ya bar su kwana biyu. Wuri ɗaya ya nuna alamar tsagewa. Ya yanke shi ya sake. Wannan ma ya ƙara masa takaici, domin aiki ne na sati guda da za su iya yi tare tun shekara uku da suka wuce, da an gaya masa gaskiya.

Wata ranar Alhamis da sassafe, ya ce wa Saudatu zai je gyaran inji a wani ƙauye. Shi ne karo na farko da ya yi mata ƙarya a kan inda za shi. Tun jajibiri Ɗanlarai ya kwashe jirgin da sunan za a kai shi gareji. Clement ya rufe shagonsa ya biyo su. Su uku ne kaɗai a filin, sai wasu shanu can nesa.

Ya tura mai. Jirgi ya zabura yadda bai taɓa yi ba, wutsiya ta ɗaga tun kafin rabin fili, sai girgizar tayoyi ta ɗauke ɗif. Ya leƙa ya ga inuwarsa a ƙasa tana bin sa. Bai wuce tsayin ɗaki ba, bai kuma fi tsawon filin ƙwallo biyu ba, sannan ya rage mai. Saukar ba ta yi kyau ba. Ya buga ƙasa da ƙarfi, ƙafar hagu ta lanƙwashe, jirgi ya juya ya tsaya yana fuskantar inda ya fito.

Clement ya iso a guje yana ihu, hularsa a hannu. "Ya tashi, Oga! Na gani da idona, ya tashi!" Ɗanlarai yana ta kabbara. Mijinyawa ya zauna a ciki bai motsa ba. Shekara bakwai yana hango wannan lokacin, kuma a duk hangen da ya yi akwai waɗanda yake gani suna tsaye a bakin fili. Ya kwance bel ɗinsa ya fito, ya durƙusa yana duba ƙafar da ta lanƙwashe.

Labari bai kwana ba. Ɗanlarai ya ɗauka a waya, kafin azahar hoton ya zaga Ƙofar Ran. Mutanen da suka yi dariya suka riƙa zuwa gareji suna cewa dama sun san zai yi. Mansir ya turo saƙo mai tsawo, ya zo gidan sau biyu. Mijinyawa ya fito zaure ya gaisa da shi, ya tambayi iyali, bai ce ya shigo ba. A karo na biyu Mansir ya ce zai nemo masu duba jirage, zai yi duk takardun da ake buƙata. Mijinyawa ya ce ya gode, Clement ya san wani a Kaduna. Daga nan Mansir bai sake zuwa ba. Idan sun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza sukan yi musabaha.

Saudatu a bakin maƙwabciya ta ji. Da ya dawo ranar ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa kaɗan.

"An ce ka tashi."

"Na tashi."

"Za ka sake?"

"Idan na gyara ƙafar."

"To ka faɗa min ranar. Ba zan hana ka ba, ba zan je wurin kowa ba. Ina so in sani kawai."

Ya wanke hannu ya fara cin tuwonsa. Ta jira har ya gama, bai amsa ba. Suna nan tare har yanzu, suna hirar yara da jikoki da cefane, ya kai ta asibiti da ciwon ƙafarta ya tashi, ta yi jinyarsa da ya yi zazzaɓi. Ya mayar da jirgin wata rumfa da ya kafa a bayan garejinsa, kuma tun daga ranar ba ya kawo zancensa cikin gida.